Wa Ya Shayar da Dokin Balki?

Shekarar da damina ta yi wa Matameye rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai har aka rufe iyaka, babu wanda aiki ya guje wa kamar Sallau mai bin sawu. Da can, in aka kore maka saniya, Sallau za ka nema. Zai duƙa ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya, ya kama hanya, sai dai ka gan ku tsaye a ƙofar gidan da take. Amma bana shanun da ba su mutu ba an kai su kasuwa, ɓarayin ma sun watse neman wata sana'a. Sai Sallau ya koma gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana tufka igiyar da babu abin da za a ɗaure da ita.

Nan yake zaune wata safiya, hantsi ya fara cizo, sai ga Balki ɗiyar ƙanwarsa ta ɓullo da sauri, mayafi a karkace, salula a hannu.

"Kawu, an yi mini sata."

Sallau ya yar da igiyar, idonsa ya kawo haske. "Akuya ce ko tunkiya?"

"Takobi ne."

"Ke, yaushe kika mallaki takobi?"

"A cikin nan yake," in ji ta, ta ɗaga salular.

Sai da ta zauna ta numfasa sannan ya fahimci zancen. Mijinta Ummaru ya tafi ci-rani Kano, rufe iyaka ta rutsa da shi can. Ya bar mata babbar salula, a ciki kuwa akwai wani wasa da samarin gari ke kira wasan Jarumai. Kowa na da jaruminsa da dokinsa, a shiga dazuzzuka da koguna ana yaƙar dodanni ana kwaso ganima, ganimar kuma tana da kasuwa, har mutane na saye da kuɗin gaske. Kaɗaici ne ya sa Balki ta fara taɓawa, sai ga shi hannunta ya faɗa, ta wuce samarin fada gaba ɗaya. Kwanan baya ta kashe wani dodo a ƙarƙashin dutse ta samo Takobin Tsawa, abin da 'yan wasa ke shekara suna nema ba su ko ji ƙanshinsa ba. Wani ɗan kasuwa a Damagaram ya taya, ta sallama, zai zo ranar kasuwa su yi musaya. Kuɗin kuma tuni an yi musu gurbi: injin ban ruwa za a saya wa matan unguwa masu noman rani a fadama, waɗanda igiyar guga ta gama cinye musu tafin hannu.

"Jiya da rana na gan shi da idona kafin in kai salular caji wurin Lawwali," in ji Balki. "Da magariba na karɓo, ban buɗe ba. Yau na buɗe, babu shi. An miƙa wa wani mai suna Baƙo."

Sallau ya sosa gemu. "To ni ina zan ga sawun abin da ba ya taka ƙasa?"

"Takobin ba ya takawa, Kawu, amma wanda ya ɗauka ai yana takawa. Ka yi sauri don Allah, mutane sun kewaye Lawwali."

*

Tun da aka yanke kuran, wato wutar lantarki, shagon Lawwali ya zama kamar rijiyar gari. Ya jera faranten hasken rana a kan rufi, kowa nan yake kai salularsa ta sha wuta. Da Sallau ya iso sai ya tarar da ƙofar shagon ba masaka tsinke. Lawwali na tsaye, dogo siriri, gumi na bin wuyansa.

"Wallahi, Baba Sallau, ni caji kawai na sani," in ji shi. "Salula ta shigo in soka mata waya, ta cika in cire. Ko wasan nan ban cika yi ba."

"A kira jandarma!" wani ya yi ihu daga baya.

A lokacin nan babu mai son sunansa ya shiga bakin masu kaki, ko da a kan ɓatan kaza ne, balle Lawwali da ke ciyar da uwa da ƙanne da wannan shago.

Sai wata murya mai kauri ta ratsa hayaniyar. Alhaji Tanko ne, uban Ummaru, surukin Balki. Da shi ne mai garken da ya fi kowane girma a unguwar, fari ya share shi tas. Duk gari an san babu maƙiyin wasan Jarumai kamarsa.

"Ni dai na sha faɗa," in ji Alhaji, yana buga sanda a ƙasa. "Wasan banza, aikin marasa aiki. Amma jandarma a kan takobin iska? Haba jama'a, a bar maganar nan ta mutu. Kai Lawwali, miƙo mini tawa salular da na kawo da safe, in je in saurari wa'azina."

"A'a, Alhaji," in ji mai unguwa, wanda ya iso yana haki. "Babu salular da za ta fita daga nan sai an gano gaskiya." Ya ja ƙofar shagon ya datse kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. "Sallau, na ba ka zuwa la'asar ɗin gobe. In ba ka samo ba, maganar ta fi ƙarfina."

Alhaji ya juya yana gunaguni.

Sallau ya dubi ƙasar ƙofar shagon, ya girgiza kai. Ko giwa ce ta wuce ta nan, jama'a sun riga sun tattake sawunta.

*

Ya tambayi Balki wa ya san lambar buɗe salular. Ta ce mutum ɗaya ta taɓa gaya wa, Shekara, uwar tafiyar matan fadama. Ta kuma ƙara, murya ƙasa-ƙasa, cewa Shekara ba ta so a sayi injin ban ruwa ba, injin niƙa ta so, har sun ɗan yi sa-in-sa.

Sallau ya sami Shekara a bakin rijiyar fadama tana jan guga, tsakanin kwamin albasa da rake da ganyensu ya fara naɗewa. Mace ce mai jiki, mai baki kamar reza. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai ta saki igiyar ta riƙe ciki don dariya.

"Lambar Balki? Sallau, ai har kajin gidansu sun haddace ta. Yarinyar nan ba ta iya danna lamba sai ta faɗa da baki, kamar mai koyon karatu."

"An ce injin niƙa kike so."

"Ina so mana, har gobe. Amma dubi nan." Ta miƙa masa tafukanta, sun tsattsage kamar ƙasar tabki a bazara. "Mai wannan hannun ce za ta sace injin ban ruwa daga bakinta? Salular ma in na shafa ta ba ta jin yatsana, sai ta ɗauka itace ne."

Sallau ya yi murmushi. Ya duba ƙafarta don al'ada, ya ga diddige mai faɗi da tafiya mai nauyi, ya ajiye a ransa.

"In kana neman mai ciwon takobin nan," in ji Shekara, ta sake kama guga, "je ka ga Isufu ɗan kabu-kabu. Da shi ne sarkin wasan a garin nan. Tun da Balki ta sha gabansa, gaisuwarsa ma ta rame."

*

Da azahar Sallau ya zaunar da Balki a inuwar darbejiyarsa. "Duk satar da na taɓa bi, daga turke nake farawa," in ji shi. "Nuna mini inda aka kwance abin."

Balki ta danna lambarta tana faɗa da baki, Sallau ya kau da kai yana danne dariya. Gilashin ya haska. Ga wata jaruma cikin koren kaya tsaye da kube babu takobi, ga farin doki a gefenta ƙarƙashin wata bishiya, kusa da rijiya.

"A'a!" in ji Balki. "Ba nan na bar shi ba."

"Wa?"

"Dokin. Ɗazu hankalina na kan takobi, ban lura ba. A bakin kogo na bar shi jiya, cikin rana, ƙishirwa ta kusa kayar da shi. Na ce sai na dawo."

"Haka kike yi wa dabba?"

"Kawu, ai kowa haka yake yi. Ba ya mutuwa, kuka kawai yake."

Sallau ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin. An sauke wa dokin sirdi an jingine a gindin bishiya. An zuba masa ciyawa a gaba. A saman kansa akwai wani ɗan zare shuɗi, Balki ta ce shi ke nuna ruwan cikinsa. Zaren bai ko kai rabi wajen raguwa ba.

"In ya sha ya ƙoshi, yaushe yake sake jin ƙishi?"

"Yini guda ruwan yake ɗauka ya ƙone. Ko salula na rufe yana raguwa."

Sallau ya gyara zama irin yadda yake yi a da in ya hango sawun farko. Ko a daji, da cikin dabba yake gane yaushe ta bar bakin ruwa.

"Dokin nan da asubar yau ya sha ruwa, ba jiya ba. Da asuba ina salular take?"

"A ɗakina, kan taga. Na fita fadama tun gari bai waye ba, na dawo na same ta inda na bar ta."

"Wa ya shiga gidan?"

"Shekara ta leƙo ta tashe ni. Isufu kuma a zaurenmu yake ajiye babur ɗinsa. Gidanmu ai ba ya rufuwa."

"To Lawwali dai ya fita. Amma kada ki gaya wa kowa tukuna." Ya sake duban dokin. "Ɓarawo ya ɗauke takobi, ya tsaya ya sauke wa doki sirdi. Ikon Allah! Ke, a ina ake iya miƙa wa wani ganima?"

"Sai inda rezo, sabis ɗin salula, yake da ƙarfi. Duk garin nan wuri ɗaya ne, tudun gawo bayan tasha."

*

Tudun gawo yashi ne mai laushi, irin wanda mai bin sawu ke so. Sallau ya cire takalmi ya hau a hankali ta gefe. Sawun samarin jiya da yamma na nan birjik, amma buzuzu da ƙadangaru sun bi ta kansu. Abin da yake nema shi ne wanda ya taka a kan sawun ƙwarin, don shi ne ya zo bayan sun kwanta.

Ya sami biyu. Na farko tayar babur ce mai faci a gefe, ta hau tudun ta tsaya, sannan ta juya da irin saurin da ya watsa yashi. Na biyu takalmin taya ne, wanda rabin mazan gari ke sawa. Mai shi ya zo da ƙafa, ya zauna a gindin gawon ya daɗe, ya kwantar da doguwar sanda a gefensa har ta bar zane. Kusa da inda ya zauna kuma akwai ɗan tsibin 'ya'yan gawo, an tsinto su ɗaya-ɗaya an tara.

Sallau ya daɗe yana kallon tsibin. Wanda ya tara bai kwasa ba. Hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba, ya tara wa dabbobi abinci, sannan ya tuna babu dabbobin.

Ya bi sawun ya gangara gari, ya ɓace a yashin ƙofar masallaci cikin sawun masu sallar asuba.

Isufu yana tasha, zaune kan babur ɗinsa yana jiran fasinja. Sallau bai ce komai ba, ya zaga ya duƙa ya shafa facin tayar baya.

"Da asuba kana ina, Isufu?"

"Barci, Baba."

"To babur ɗinka ya fita yawo ba ka sani ba, har tudun gawo."

Isufu ya sauko. "Baba Sallau, na rantse ban taɓa takobin nan ba. Na ji haushi, gaskiya ne, wata nawa ina neman sa mace ta riga ni. Amma sata? Wasa na je in yi kafin fasinja su fito."

"Me ya koro ka da gudu?"

Isufu ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Akwai abu a gindin gawon. Fari fat, a lulluɓe, da wuta biyu a cinyarsa, yana ta cewa, 'Ar! Ar! Tafi can, la'ananniya!' Baba, kai ma ka san gawo ba a rasa masu shi. Ni dai ban tsaya gaisuwa ba."

Sallau ya yi dariyar da rabonsa da irinta tun kafin fari. "Wuta biyu, ka ce? Salula biyu ke nan, mai bayarwa da mai karɓa. Gobe da la'asar ka zo shagon Lawwali, za ka gaisa da aljaninka."

*

Washegari da safe Sallau ya ba Balki umarni ɗaya: ta hau dokin nan ta sukwane shi har ya galabaita, ta bar shi cikin rana da sirdinsa, kada ta ba shi ko ɗigon ruwa.

La'asar na yi, ƙofar shagon ta cika. Aka shimfiɗa tabarma. Mai unguwa ya zauna a tsakiya, Lawwali da Isufu a hagu, Shekara da Balki a dama. Sallau ya ce dattijon gida ma a ba shi wuri, aka matsa wa Alhaji Tanko ya zauna a gaba, yana cewa shi bai ga abin da ya haɗa shi da shirme ba.

Sallau ya karɓi salular Balki a buɗe, ya sa ta ƙure mata murya, ya ajiye a tsakiyar tabarma. A gilashin, farin dokin na tsaye cikin rana, kai a sunkuye, zaren ruwansa ya koma ja. Can ya yi wata haniniya mai ban tausayi.

"Jama'a," in ji Sallau, "kafin in faɗi ɓarawo, bari in ba ku labarin yadda na koyi bin sawu wurin kakana."

Ya fara. Ya ba da labarin kakan, ya koma kan kakan kakan. Ya bi wata akuya tun daga Tsauni har Kance bai tsallake ko ƙaya ɗaya ba. Mutane suka fara hamma. Dokin ya sake haniniya. Lawwali bai ko dubi salular ba, tunanin jandarma ya ishe shi. Isufu ya leƙa ya kau da kai, ya saba jin kukan. Shekara na ɓare gyaɗa.

Alhaji Tanko kuwa ya gyara zama. Ya cire hula ya mayar. Ya dubi sama, ya dubi mai unguwa, ya yi tasbihi da ƙarfi. Dokin ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya ja wani dogon nishi.

"To da akuyar nan ta isa bakin wani kwari," in ji Sallau, "sai kakana ya ce..."

"Haba Sallau!" Alhaji ya daka tsawa. "Dabba na mutuwa a gabanka kana zuba kamar kanya!"

Kafin kowa ya ankara ya fizgi salular. Manyan yatsunsa biyu suka hau gilashin suna rawa kamar na makaɗin kalangu. Ya ta da dokin, ya ja shi ta wata gajeriyar hanya da Balki ma ba ta sani ba, ya kai shi rijiya, ya shayar, ya sauke sirdi, ya zuba ciyawa. Sai da zaren ya koma shuɗi sannan ya sauke ajiyar zuciya ya ɗago kai.

Balki ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shekara ce ta fara. Da ma taubashiyar Alhaji ce, tun suna yara ba ta raga masa. Ta watsar da ɓawon gyaɗa ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Ga Baƙo ya zama ɗan gari! Tanko, wannan ne wa'azin da kake saurara?"

Dariya ta fashe, har mai unguwa sai da ya kifa kai a gwiwa. Isufu ya nuna farar rigar Alhaji yana cewa, "Wallahi shi ne! Shi ne na gindin gawo!"

Alhaji ya ajiye salular a hankali. Ya jira dariyar ta lafa, sannan ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Tun da shanuna suka ƙare, asuba ta zame mini azaba. Hannu ya saba da tatsa, ƙafa ta saba da turke, sai in tashi in rasa inda zan nufa. Ina zaure ina yi wa yarinyar nan faɗa, ina leƙen abin da take yi. Ran nan na ga ashe a cikin wasan ana kiwo. Na sa wasan a tawa salular a ɓoye. Na tara garke, na raɗa musu sunayen nawa, Kyalla da Goje da 'Yar Gata. To akwai wata kura a dajin, uwar kuraye, kullum asuba sai ta ɗauke mini ɗaya. Jarumina sanda kawai gare shi. Na ce fari ya ci na waje, kura kuma ta ci na ciki? Sai na ari takobin, in kashe ta in mayar kafin a farga. Kurar na fitowa, salulata ta mutu. Na mayar da ta Balki, na kawo tawa caji, sai ga gari ya ɗauka. Kunya ta ɗaure mini baki."

Yanzu babu mai dariya. Tsofaffin da ke wurin, waɗanda su ma turakunsu ke tsaye babu komai, suka yi ta gyaɗa kai.

Alhaji ya miƙe ya je gaban Lawwali. "Ɗana, na bar ka ka kwana da zargi a kan laifina. Wannan ya fi ɗaukar takobin muni. Ka yafe mini a gaban jama'a."

Lawwali ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa. "Na yafe, Alhaji, wallahi na yafe." Can kuma ya zaro ido. "Tsaya. Ashe ke nan takobin yana cikin shagona tun jiya?"

"Ni kuma na kulle shi da hannuna," in ji mai unguwa, yana laluben mabuɗi. Dariya ta dawo sabuwa.

Balki ba ta iya duban surukinta ba. Ta raɗa wa Shekara magana a kunne, Shekara ta miƙe ta sanar. "Mai takobi ta ce a gaya wa Baba, aro ba ya ƙarewa sai an gama aikin da aka aro dominsa. Ya je ya gama da kurar tukuna."

*

Ba a taɓa ganin taro a tudun gawo irin na yammacin nan ba. Masu shayi suka hau da butocinsu, matan fadama suka bar guga. Alhaji ya zauna inda ya zauna jiya, ya kwantar da sandarsa, Isufu ya tsuguna a kafaɗarsa ta dama yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Sallau ya sami wuri a hagu.

Ga garken a gilashi, farare da jajaye, suna kiwo a wata fadama mai ciyawa har ƙirji. Sai ga kurar ta fito daga duhuwa, girmanta ya kai rumbu, idanu kamar garwashi.

"Ar! Tafi can, la'ananniya!" in ji Alhaji, ya zare Takobin Tsawa.

Sara na farko ya kuskure. Kurar ta make jaruminsa ya faɗi, jama'a suka yi salati. "Ta hagu, Alhaji, ta hagu!" in ji Isufu. "Rufe mini baki," in ji Alhaji, "na yi kiwo kafin a haifi ubanka." Ya bari ta nufi 'Yar Gata, ya zagayo ta bayanta kamar yadda makiyayi ke yi, ya sauke mata takobin a gadon baya. Gilashin ya yi fari, aka ji tsawa, kurar ta zube.

Ihun da aka yi sai da ya ta da jakunan tasha. Shekara ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Alhaji ya ƙirga shanunsa da baki, suna bayan suna, ya share ido da hannun riga yana cewa yashi ne ya shiga. Sannan ya miƙa wa Shekara salular Balki, ya danna tasa, takobin ya koma kubensa.

*

Ɗan kasuwar Damagaram ya zo ranar kasuwa kamar yadda ya yi alkawari, aka hau tudu aka yi musaya, mai unguwa na shaida. Ba a daɗe ba Isufu ya ɗauko injin a bayan babur, Lawwali ya haɗa, ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Ruwa ya taso daga rijiyar ya bi kwami yana sheƙi, mata na tafi suna tsalle a cikinsa.

Shekara ta yanke wa Alhaji hukunci, mai unguwa ya sa albarka: shi zai riƙa buɗe wa ruwa hanya kowace asuba har a cire albasa. Bai yi musu ba. Sallau na tsaye a gefe yana kallonsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, fartanya a hannu, laka har ƙwauri, yana yi wa matan faɗa wai suna ɓarnar ruwa.

Sai salular Balki ta yi ƙara. Ummaru ne daga Kano. Ta gaisa da shi, ta ba Shekara ta miƙa wa Alhaji, Shekara kuwa ta danna ta buɗe muryar kowa na ji.

"Baba, barka da aiki," in ji Ummaru, dariya na cin sa. "Labari ya iso mu har Kano. Wai gaskiya ne kai ne ka kashe uwar kuraye?"

Alhaji ya dubi matan da suka zuba masa ido, ya dubi Sallau da ke cizon leɓe. Ya ɗaga salular sama, ya juya ta gabas, ya juya ta yamma.

"Ummaru? Ummaru! Ba na jin ka, ɗan nan, rezo babu kyau."

"Baba, ni ina jin ka sarai."

"To ni ba na ji," in ji Alhaji. Ya miƙa wa Shekara salular, ya duƙa ya buɗe wa ruwa kwami na gaba.